Wai a faɗa wa yara komai, ko a ce musu su kame kansu kawai?

Duk ƙasar da aka taɓo maganar koyar da ilimin jima'i a makaranta sai ƙura ta tashi, kuma kusan kullum gida biyu ake rabewa. Masu cewa kame kai kaɗai suna ganin saƙo ɗaya tal yaro ke buƙatar ji, ka tsare kanka sai ka yi aure, duk abin da aka ƙara a kai irin maganar kwaroron roba ko ƙwayar hana ɗaukar ciki to buɗe masa ido ne da ba shi lasisi. Masu cewa a ba da cikakken ilimi kuma suna ganin a faɗa masa gaskiya daidai shekarunsa, yadda jiki ke canzawa in balaga ta zo, yadda ciki ke shiga, yadda cuta ke yaɗuwa da yadda ake kare kai daga ita, yadda mutum zai ce a'a a ji shi, a gaya masa jira ya fi aminci amma kar a ja baki a yi shiru daga nan.

Ni dai abin da na lura, an cakuɗa abu biyu a rigimar nan har an kasa raba su. Son yaro ya kame kansa buri ne, kuma ina tare da burin nan ɗari bisa ɗari, babu uba mai hankali da ke son 'yarsa 'yar shekara 14 ta shiga wannan harka. Ɓoye wa yaro bayani kuwa hanya ce kawai da wasu suka zaɓa don cimma burin, ita kuma hanya ai ana iya gwada ta a ga ko tana kaiwa inda aka ce tana kaiwa. Kuma an gwada ɗin, an ma kashe maƙudan kuɗi wajen gwajin.

A Amurka aka fi yin gwajin nan. Tun 1981 zamanin Reagan gwamnatin tarayya ta fara ba da kuɗi don koyar da kame kai, amma babban sauyin a 1996 ya zo, lokacin da Bill Clinton ya sa hannu kan dokar gyaran tsarin tallafa wa marasa ƙarfi, a cikinta aka saƙala wani sashe da ya ware wa jihohi dala miliyan 50 duk shekara tare da sharuɗɗa takwas. A lokacin, shirin da zai ci kuɗin nan dole ya zama ba shi da wata manufa sai koyar da amfanin ƙaurace wa jima'i, dole ya koyar cewa aure ne gurbin jima'i, kuma yin sa a wajen aure na iya cutar da jiki da tunani. Da yawanmu ba za mu ja da wannan ba. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da aka hana, malami ba shi da damar koyar da yadda ake amfani da hanyoyin kariya, in ma ya ambace su to don ya nuna yadda suke gazawa ne. Kuma da zarar aikinka ya koma tsoratarwa, ƙarin gishiri na shigowa. A 2004 wani ɗan majalisar wakilai, Henry Waxman, ya sa aka duba manhajoji 13 da aka fi amfani da su a shirye-shiryen da gwamnati ke biya, aka samu 11 na ɗauke da bayanan ƙarya ko masu ɓatarwa, har da wadda ke cewa ana ɗaukar ƙanjamau ta zufa da hawaye. Wannan ya dame ni sosai, domin yaron da ya kama malaminsa da ƙarya a abu ɗaya ba zai ƙara yarda da shi ba a sauran, har da gaskiyar da ke cikin maganar.

Dama tun 1997 majalisar ta ce a auna a gani. Kamfanin bincike na Mathematica ya bi yara sama da 2,000 a shirye-shirye huɗu, an raba su da ƙuri'a, wasu sun shiga darasin wasu ba su shiga ba, aka bi su shekaru huɗu zuwa shida, rahoton ya fito a 2007. Kusan rabi a kowane ɓangare ba su fara jima'i ba, wato babu bambanci. Waɗanda suka fara, a shekaru ɗaya suka fara, wajen 15, yawan abokan hulɗarsu ma ɗaya. Amma a yi adalci, rahoton bai nuna darasin ya sa yaran sun rage amfani da kwaroron roba ba kamar yadda masu suka ke tsoro, kuma masu kare shirin sun ce an koyar da yaran suna ƙanana aka bar su kafin su kai shekarun da abin ke da zafi. Ko an karɓi wannan uzurin, abin da aka biya kuɗi don a samu dai ba a samu ba.

Alƙawarin tsare budurci ma an bi diddiginsa, wanda coci-coci suka yaɗa tun 1993, matashi ya sa hannu ko ya sa zobe cewa ba zai kusanci kowa ba sai aure. Masu bincike Peter Bearman da Hannah Brückner sun gano yana jinkirta farawa da kamar wata 18 a wasu yanayi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai waɗanda suka karya alƙawarin sun fi shiga ba tare da kariya ba, daga baya kuma da aka auna cututtukan da ake ɗauka ta jima'i sai aka ga kusan ɗaya suke da waɗanda ba su yi alƙawari ba. Janet Rosenbaum a 2009 ta kwatanta masu alƙawarin da takwarorinsu masu irin tarbiyyarsu da riƙon addininsu, bayan shekara biyar ba ta ga bambanci a yin jima'i kafin aure ba, bambancin da ta gani a rashin kariya ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, wanda ya ɗauki kansa a matsayin wanda ba zai taɓa yi ba ba ya shiri, ranar da abin ya faru kuwa ba shiri yake faruwa.

Akwai bincike ɗaya da kowane ɓangare ke ja zuwa gefensa, kuma ni a ganina shi ya fi kowanne haska maganar. John Jemmott na jami'ar Pensilbaniya da abokan aikinsa sun wallafa shi a 2010, yara baƙar fata 662 'yan wajen shekara 12. Wasu an ba su darasin kame kai na awa takwas, wasu darasin kiwon lafiya na gama-gari wanda bai shafi jima'i ba. Cikin shekara biyu kusan kashi 33 cikin ɗari na 'yan ajin kame kai suka ce sun fara jima'i, a ɗaya ajin kuwa kusan kashi 48. Masu kame kai kaɗai suka ce to ga shi nan, yana aiki. Amma a duba irin darasin. Ba a ce wa yaran sai aure ba, an ce su jira har su girma su iya ɗaukar nauyin abin, ba a yi musu wa'azi ko tsoratarwa ba, ba a kushe kwaroron roba ba, in yaro ya zo da gurguwar fahimta a kai malami na gyara masa. An zauna da su an sa sun faɗi burinsu na rayuwa da yadda ciki ko cuta za su iya ruguza shi, aka kuma yi ta gwada musu a aikace yadda ake ƙin amincewa in aboki ko saurayi ya matsa. Irin wannan darasin a lokacin bai ma cika sharuɗɗan cin kuɗin gwamnati na dokar 1996 ba. Abin da na ɗauka daga nan, kiran yaro zuwa ga jira yana iya shiga kunnensa in an girmama hankalinsa an kuma koya masa yadda ake jiran, ba sai an yi masa ƙarya ko an rufe masa wani shafi ba.

To tsoron da ya fi cin iyaye fa, cewa in an faɗa musu za su je su gwada? Wannan tsoro ne na gaskiya kuma bai kamata a yi wa mai shi dariya ba. Amma yana cikin abubuwan da aka fi aunawa a fagen nan. Douglas Kirby a 2007 ya tattara binciken shirye-shirye 48 masu koyar da jira da kariya tare, kusan biyu cikin uku sun yi tasiri mai kyau ta wata fuska, wajen kashi 40 cikin ɗari sun jinkirta farawa ko sun rage yawan yi, kuma bai ga alamar suna sa yara farawa da wuri ba. Bitar da UNESCO ta sa aka yi daga baya ma abin da ta samu ke nan. A Amurkan kanta haihuwa tsakanin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 ta faɗo daga kusan 62 cikin dubu a 1991 zuwa ƙasa da 14 cikin dubu a 2022, kuma John Santelli da abokansa da suka lissafa raguwar haɗarin shiga ciki tsakanin 1995 da 2002 sun danganta kusan kashi 86 cikin ɗari ga ingantuwar amfani da hanyoyin kariya, kashi 14 ga raguwar yin jima'in.

Duk da haka ba zan bar masu cikakken ilimi su tafi haka nan ba, su ma suna zuzuta hajarsu fiye da kima. Yawancin binciken da ake kafa hujja da su tambayar yara ake yi, ka yi ko ba ka yi ba, ka sa ko ba ka sa ba, yaron da ya gama darasi kuwa ya san amsar da ake son ji. A 2016 ƙungiyar Cochrane mai tace binciken kiwon lafiya ta ware gwaje-gwaje takwas kaɗai da suka auna abin da jiki ya nuna, ciki da ƙanjamau da sauran cututtuka, mutane sama da 55,000, yawancinsu a Afirka kudu da Sahara, sai ta ga darasin aji shi kaɗai bai nuna wani tasiri a fili kan waɗannan ba. Ilimin yaran na ƙaruwa, wannan kam babu shakka, amma sani daban iya aiki da shi daban, musamman ga yarinyar da ba ita ke da ta cewa ba. Haka ma yawan kawo misalin Holan da ake yi. Gaskiya ne tun 2012 darasin wajibi ne a makarantunsu tun daga firamare, haihuwar 'yan mata ƙanana a can na cikin mafi ƙanƙanta a duniya, shekarun fara jima'i ma sama suke yi, daga wajen 17 zuwa sama da 18. Amma ƙasa ce mai arziki, asibiti a kusa, kusan kowace yarinya na makaranta, iyaye na magana da 'ya'yansu a gida, ba za ka cire manhaja kaɗai daga cikin waɗannan ka kai wani wuri ka ce sai ta haifar da abu ɗaya ba.

Sannan akwai maganar aƙida, wadda masu tsara manhaja ke son wucewa da sauri kamar ba komai ba ce. Jagorar UNESCO da ta fito a 2009 aka sabunta a 2018 ta fara daga shekara 5, kuma in ka karanta abin da aka tanadar wa ƙanana za ka ga iyali ne da abota da sanin sassan jiki da gane taɓawar da ba ta dace ba da kai ƙara wurin babban da aka yarda da shi, ba abin da jita-jita ke yaɗawa ba. Amma a sama akwai batutuwan jinsi da sha'awar jinsi ɗaya da ake gabatarwa ta mahangar da miliyoyin iyaye Musulmi da Kirista da wasunsu ba su yarda da ita ba. A 2019 iyaye, mafi yawansu Musulmi, sun yi makonni suna zanga-zanga a ƙofar wasu makarantun firamare a Bamingam ta Ingila kan irin waɗannan darussa. A Yuganda majalisa ta tsayar da shirin a 2016, a Ghana an yi irin wannan tirka-tirkar a 2019. Uban da ya ce ban yarda a koya wa ɗana cewa kaza daidai ne ba, ba jahilci ya faɗa ba, tambaya yake yi kan wa ke da hakkin tarbiyya, kuma babu wani gwajin kimiyya da zai amsa wannan tambayar. Abin takaicin shi ne in aka ɗaure komai a ƙunshi ɗaya aka ce ko a karɓa duka ko a bari duka, iyaye na watsar da duka, har da darasin jinin al'ada da na gane mai lalata da yara, waɗanda babu wanda ke da ja a kansu.

Yuganda kowa na da'awar nasararta. Ƙanjamau ya ragu sosai a can daga farkon shekarun 1990 zuwa wajen 2001, da saƙon nan mai ƙafa uku, ka kame kanka, ka riƙe abokin zama ɗaya, ko ka sa kwaroron roba, kuma masu bincike da yawa sun fi danganta raguwar ga rage yawan abokan hulɗa da yadda gwamnati da malaman addini suka fito fili suna maganar cutar ba ɓoye-ɓoye. Da George W. Bush ya kafa shirin PEPFAR na yaƙi da ƙanjamau a 2003, shirin da ya ceci rayuka miliyoyi ta hanyar magani, doka ta ce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin rigakafi ya tafi ga koyar da kame kai sai aure. A 2016 masu bincike na jami'ar Stanford suka duba dala biliyan 1.4 da aka kashe kan kame kai da riƙon amana tsakanin 2004 da 2013, suka kwatanta ƙasashen da suka samu da waɗanda ba su samu ba, ba su ga bambanci a shekarun farawa ko yawan abokan hulɗa ko cikin 'yan mata ba.

Abin da aka gani a yammacin Kenya ya fi tsaya min a rai. Manhajar gwamnati kan ƙanjamau, mai jaddada kame kai sai aure, da aka horar da malamai a kanta ba ta rage cikin 'yan mata ba. Wata mai bincike, Pascaline Dupas, kuwa ta gwada wani abu ɗan ƙarami, zama ɗaya na ƙasa da awa guda inda aka nuna wa ɗalibai alƙaluman ƙanjamau bisa shekaru, suka ga da idonsu cewa manyan mazan nan masu ba da kuɗi da kyauta sun fi samarin da ke sa'anninsu ɗauke da cutar nesa ba kusa ba. Cikin 'yan mata ya ragu da kashi 28 cikin ɗari a shekarar da ta biyo, raguwar ta fi yawa a cikin da manyan maza ke yi. Akwai ɓangaren da ba shi da daɗin ji, wasu 'yan matan ba dainawa suka yi ba, komawa suka yi ga sa'anninsu, kuma dole mai gaskiya ya faɗi wannan. Sai kuma gwajin da Esther Duflo da Dupas da Michael Kremer suka yi a makarantu sama da 300, inda ba wa yara yunifom kyauta kawai ya rage barin makaranta da auren wuri da ciki. Yunifom fa, ba darasi ba. Yarinyar da ke ganin tana da gobe a makaranta tana da dalilin jira, wadda aka kora saboda rashin kuɗi kuwa ko wace manhaja aka rubuta ba ta cikin ajin balle ta ji.

Saƙon kame kai kaɗai yana magana ne da yaron da zaɓi ke hannunsa, alhali yara da yawa ba a tambaye su ba. Wadda ɗan uwa ko maƙwabci ko malami ya ci wa zarafi, in duk abin da ta taɓa ji a aji shi ne wadda ta rasa budurcinta ta zubar da mutuncinta, to an ƙara mata dalilin yin shiru, mai laifin kuma shirun nan yake nema. Yaran maza ma ana yi musu. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta 'yan mata miliyan 21 masu shekara 15 zuwa 19 na ɗaukar ciki duk shekara a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, miliyan 12 na haihuwa, kuma mafi yawan haihuwar nan a cikin aure take. Su waɗannan sun cika sharaɗin, sun jira har aure, amma suna buƙatar sanin jikinsu da alamun haɗari a goyon ciki da tazarar haihuwa da cutar da miji ka iya kawowa gida. Ko wanda ya tsare kansa har ƙarshe ai aure zai yi wata rana.

Masu kafa hujja da addini wajen rufe maganar gaba ɗaya ma ina ganin su sake dubawa. Littattafan fikihu na masu farawa cike suke da bayanin haila da janaba da mafarki da alamomin balaga, da sunayensu, kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Addini ya hana alfasha, bayani mai tsafta kuwa shi ya fara yin sa.

Kuma zancen ko yaro zai ji ko ba zai ji ba ya riga ya wuce, waya ta shiga tsakani. Kwamishinar kula da yara ta Ingila ta fitar da rahoto a 2023 cewa a matsakaici yara na fara ganin bidiyon batsa a shekara 13, kusan ɗaya cikin huɗu kafin ko a shekara 11, ɗaya cikin goma a shekara 9. Abin da ke cikin bidiyon nan wulaƙanta mace ne da tashin hankali da ƙarya kan yadda jikin mutum yake, kuma in makaranta da gida sun yi shiru shi ne kaɗai bayanin da yaron ke da shi.

Saboda haka ni inda na tsaya, a koyar da kame kai da ƙarfi ba tare da jin nauyi ba, a koya wa yaro yadda ake yin sa a aikace, amma a faɗa masa gaskiyar jikinsa da ta cuta da ta kariya in shekarunsa sun kai, kar a yi masa ƙarya ko sau ɗaya. Abubuwan da suka shafi aƙida a zauna da iyaye tun kafin a buga littafi, a nuna musu shafi-shafi, inda raba maza da mata a darasin zai sa yara su fi sakewa su yi tambaya to a raba. Sai maganar malami, wadda ba a cika yin rigima a kanta ba alhali a nan manhajoji da yawa ke mutuwa. Malamin da ba a horar ba tsallake babin yake yi, ko ya karanta shi da sauri yana kallon allo, ko ya mayar da shi wa'azi ya hana tambaya. Kuma duk makarantar da ta fara koyar da gane taɓawar da ba ta dace ba dole ta shirya wa abin da zai biyo baya, domin wasu yaran za su zo bayan an tashi su ce an yi musu, ya kamata malamin ya san wa zai kai wa maganar, yadda zai rufa wa yaron asiri, da matakin da za a ɗauka in wanda ake zargin ma'aikacin makarantar ne ko ɗan gidansu.